Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ran nan da dare muna zaune a zaure a unguwarmu ta Soron Ɗinki, bayan an idar da sallar isha'i, sai wani malamin makaranta ya yi sallama ya shigo. Mun san shi tun yana ɗalibi a kwalejin horon malamai, mutum ne mai natsuwa, ga shi da ƙoƙari wajen aiki. Da aka gaisa ya sami gefen tabarma ya zauna ya yi shiru, har muka ce masa, "Malam, lafiya dai ko?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, da sauƙi dai. Wata magana ce ta kawo ni, ina kuwa jin kunyar faɗinta."

Ga abin da ya faru. Wani mai ofishin shirya tafiye-tafiye ya yi masa alkawarin kai shi Umra cikin azumi a kan kuɗi mai rahusa ƙwarai, amma da sharaɗin a biya cikin mako guda, wai don kujeru sun kusa ƙarewa. Malam ya sayar da babur ɗinsa, ya ci bashi a asusun adashin ma'aikata, ya karɓi kuɗin awakin maiɗakinsa, ya haɗa duka ya kai, har da fasfo ɗinsa. Azumi ya zo ya wuce, ba biza ba tikiti. Da ya koma ya tarar da ofis a kulle, mai shi ya yi ɓatan dabo. Yau ana yankar sulusin albashinsa kowane wata, za a yi ta yanka har shekara biyu, makaranta kuwa a ƙasa ya ke zuwa. Abin da ya kawo shi wurinmu shi ne mu sa baki a ba shi adibas ya sayi hatsi.

Ba mu kawo labarin nan don a yi masa dariya ba, Allah ya kiyaye. Mun kawo shi don ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin ilmi ya san irin takardun da ke zuwa teburinsa: wannan yana neman izinin fita ƙasar waje jibi, wancan ya riga ya tafi sai ɗan'uwansa ya kawo takarda a bayansa, wani kuwa ya dawo da tsaraba niƙi-niƙi amma 'ya'yansa na gida an kore su don kuɗin makaranta. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa 'yan'uwanmu malamai da akawuna magana a fili a kan yadda a ke shirin tafiya ƙasashen ƙetare, ko ta ibada ce, ko ta ziyara, ko ta hutawa da buɗe ido.

Tun da fari bari mu faɗi inda muka tsaya. Mu ba mu cikin masu cewa mai albashi ya zauna gida, tafiya ta attajirai ce. Malamin da ke koya wa yara labarin ƙasa bai taɓa ganin teku ba, da wanda ya tsaya a bakinta ya ɗanɗana gishirinta, darasinsu ba zai zama ɗaya ba. Magabatanmu sun san haka. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila da Makka a 1921. Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman sun je Ingila tare a 1934. Malam Abubakar Imam ya bi ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma zuwa can a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya komo ya rubuta littafi a kan abin da ya gani, mutanen da ba su taɓa wuce Zariya ba suka ƙaru da shi. Muna so kowane ma'aikaci ya fita ya ga duniya ko sau ɗaya a rayuwarsa. Abin da mu ke cewa kawai shi ne, tafiya mai amfani a gida a ke gina ta, shekara guda ko biyu kafin ranar tashi.

Yadda mutanen da ke shiri

Wannan ba sabon ilmi ba ne a Kano. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su tashi don sun ga maƙwabci ya tashi. Tun da damina su ke tara haja, su ƙulla da madugun da ya san hanya, su gyara jakuna da mangaloli, su jira kaka ta yi, rafuka su janye. Madugu ya san kowane zango, ya san sarkin da za a ba gaisuwa da inda a ke biyan fito, ya san mai masaukin da za a sauka wurinsa a Salaga. Tafiya ce ta watanni da yawa, don haka mutum ba ya fita sai ya cika rumbu ya bar wa iyali, ya kuma damƙa su a hannun wani amintacce.

Mahajjata kuwa tasu ta fi tsawo. Su kan bi ta Barno, su ƙetare zuwa Lami, wadda a ke kira Njamena yanzu, su bi ta Wadai da Darfur har Hartum, sa'an nan Sawakin, su shiga jirgin ruwa su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙodago, ya tara, ya ƙara gaba. Bayan da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, mutanenmu da yawa sun yi aiki a cikinsu don neman kuɗin jirgi. Waɗansu sun yi shekara biyar, waɗansu goma, kafin su komo. Waɗansu kuwa can suka zauna, jikokinsu suna Sudan har yau. Kafin irin wannan tafiya mutum ya kan biya bashinsa, ya nemi gafarar dangi, ya yi wasiyya, gama bai san ko zai sake ganin Dala ba.

Sa'an nan zamani ya juya. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. A 1948 su Alhaji Mahmudu Ɗantata suka kafa kamfanin jigilar alhazai a nan birnin, aka riƙa kai mutane da manyan motoci, daga baya da jirgin sama. Tafiyar shekara biyar ta koma ta awa biyar. Wannan ni'ima ce babba, amma ta zo da wata illa da ba a lura da ita ba: da hanya ta gajarta, sai mutane suka ɗauka shirin ma ya gajarta. Alhali kuwa wahalar tana nan, wuri kawai ta sake. Da a ƙafa ta ke, yanzu ta koma aljihu da takardu.

Abin da muka koya daga mutanen Singafo

Akwai wata ƙasa can gabas mai nisa wadda ya kamata mu dubi al'adar mutanenta a kan wannan al'amari, watau Singafo. Tsibiri ne ɗan ƙarami a ƙarshen ƙasar Malesiya ta kudu. Daga gabashinsa zuwa yammacinsa kimanin kilomita 50 ne, wajen sulusin tafiyar Kano zuwa Zariya ke nan, mutanensa kuwa wajen miliyan 6. Ya rabu da Malesiya ya zama ƙasa mai mulkin kanta a 1965. Saboda ƙanƙantar wurin, duk jirgin fasinja da ya tashi daga filinsu na Changi ƙasar waje ya nufa. Wanda ya ke son ya huta ya sha iskar wani wuri, tilas ya ɗauki fasfo. Wannan ya sa shirin tafiya ya zama musu kamar shirin salla a wurinmu, abu ne da kowane gida ya sani, ya ke kuma yi a kan kari.

Muna da wani tarihi iri ɗaya da su. A ƙarni na 19 da farkon na 20, Singafo ce tashar da mahajjatan tsibiran Indonesiya da ƙasar Malayu ke taruwa su jira jirgin ruwan Jidda. Da yawa su kan iso da ɗan abin da bai isa ba, sai su zauna su yi aiki su tara, kamar yadda namu suka yi a Sudan. Waɗanda ba su sami cikawa ba suka koma gida daga nan, har a kan yi musu ba'a da sunan Alhajin Singafo. A maƙwabciyarsu Malesiya kuma, wani masanin tattalin arziki mai suna Ungku Aziz ya lura talakawa suna sayar da gonaki da dabbobi don zuwa Makka, su komo ba su da abin yi. Ya ba gwamnati shawara a 1959, aka kafa asusun adashin alhazai a 1963, wanda a ke kira Tabung Haji, mutum ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan har kuɗinsa su cika.

To, yaya mutumin Singafo ke shirya tafiyarsa? Abu na farko, ba ya taɓa kuɗin tsufa da na gida. Tun 1955 suna da asusun tilas, wanda a ke cire kashi 20 cikin ɗari na albashin ma'aikaci matashi a zuba, mai aikin ma ya ƙara nasa, a ajiye don muhalli da magani da ranar tsufa. Da abin da ya saura a ke yawon duniya. Na biyu, ma'aikatar ilminsu ta kan fitar da ranakun hutun makaranta tun shekara ba ta kama ba, manyan hutu kuwa biyu ne, na watan Yuni da na ƙarshen shekara, don haka iyaye su kan sayi tikiti tun da watanni, lokacin da ya ke da sauƙi. Na uku, ba mai buɗe ofishin shirya tafiya sai da lasisin hukumar yawon buɗe ido, kowa kuwa yana iya duba sunan kamfani kafin ya ba da kuɗinsa. Na huɗu, ma'aikatar harkokin wajensu ta buɗe rajista inda matafiyi zai rubuta inda za shi da ranar komowa, don in wani abu ya faru a san inda za a neme shi. Musulminsu ma, da ya ke kujera 900 aka ba ƙasar a shekara tun daga 2018, su kan rubuta suna su jira shekaru masu yawa, suna tari suna jira.

Wani zai ce, ai ba a haɗa mu da su, su masu kuɗi ne. Gaskiya ne. Albashinsu ya ninka namu sau da yawa, fasfonsu kuma a 2024 yana shiga wurare fiye da 190 ba tare da neman biza tun daga gida ba, namu kuwa bai kai 50 ba. Amma wannan hujja a kanmu ta ke. In mai yalwa, wanda ƙofofi ke buɗe masa, ya kan yi shirin wata shida, ina ga wanda albashinsa bai cika kai shi ƙarshen wata ba, kuma kowace ƙofa sai ya ƙwanƙwasa?

Maganar kuɗi

Bari mu yi lissafi, gama mu malamai ne da akawuna, lissafi sana'armu ce. A 2023 kuɗin kujerar Hajji ta hannun hukuma bai cika Naira miliyan 3 ba. A watan Yuni na shekarar nan gwamnati ta saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da a ke saye wajen Naira 460 a banki ta haura 1,500 a farkon 2024. Maniyyatan 2024 da suka riga suka biya kusan miliyan 5, sai aka ce su ciko kusan miliyan 2 cikin 'yan kwanaki. A 2025 kujera ta wuce miliyan 8. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a 2024 Naira 70,000 ne a wata, watau 840,000 a shekara. Ke nan mai wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 10 kafin ya haɗa kuɗin kujerar 2025.

Ba mu faɗi haka don mu karya wa kowa gwiwa ba. Mun faɗa don mutum ya san tsawon rijiya kafin ya sayi igiya. Malamai sun bayyana mana cewa Hajji ba ya wajaba sai a kan mai iko, iko kuwa ya haɗa da abin da za a bar wa iyali. In farilla ma an ɗora ta a kan iko, ina dalilin cin bashi don Umra ta biyu, ko don a ga Dubai?

Shawararmu ita ce mutum ya buɗe wa tafiya asusunta dabam, wanda ba a taɓawa don biki ko suna. Wanda ya ajiye Naira 15,000 kowane wata, cikin shekara biyu yana da 360,000. Ba za ta kai shi Makka ba, amma za ta fitar da shi ƙasar maƙwabta ta komo da shi da mutuncinsa. Mai niyyar Hajji kuma, hukumar alhazai ta ƙasa ta buɗe shirin adashin gata tare da bankin Ja'iz a 2020, a nan Kano aka ƙaddamar da shi, irin na Malesiya ne. Mun san abin da za a ce: kana tari, Naira tana zubewa. Haka ne, ba mu musa ba. Don haka waɗansu su kan juya abin da suka tara ya zama tumaki ko hatsi, kamar yadda iyayenmu ke yi. Amma a tuna da abin da ya faru a 2024. Wanda ya tara da kansa, da aka ce a ciko, ya sami abin da zai taɓa ko ya haƙura ya jira baɗi ba tare da asara ba. Wanda ya sayar da gida ya biya, me ya rage masa da zai sayar?

In an zo lissafi kuma, kada a tsaya a kuɗin jirgi. A sa masauki, da abinci, da motar cikin gari, da kuɗin biza, da tsaraba, sa'an nan a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a bisa jimla don abin da ba a zata ba. A yi canji tun da wuri, a banki ko wurin ɗan canjin da aka sani a Wapa, kada a bari sai a filin jirgi. Tsaraba kuwa a yanke mata iyaka tun daga gida. Mun ga wanda kuɗin tsarabarsa ya fi na masaukinsa, don kada a ce ya dawo hannu sake.

Maganar takardu

Fasfo shi ne farkon komai, kuma mutum ya je ofishin shige da fice da ƙafarsa ya yi, kada ya aika. A 2025 kuɗin ƙaramin fasfo mai shekara 5 ya kai Naira 100,000, babba mai shekara 10 kuwa 200,000, sai a sa su cikin lissafi. Ƙasashe da yawa ba su karɓar fasfon da bai da sauran wata 6 a gaba, Singafo da Saudiyya duk suna cikinsu. Akwai kuma wani abu da ke kama mutanenmu ƙwarai, shi ne sabanin suna. Mutum a takardar makaranta sunan garinsu ya ke amfani da shi, a katin ɗan ƙasa sunan mahaifinsa, a banki kuma ya sa na kakansa. Mu da ke rubuta rajistar yara mun san inda wannan ciwo ke farawa. Gyaransa ya kan ci watanni, sai a fara shi tun kafin a sa ranar tafiya.

Allurar rigakafin cutar shawara ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, amma tun 2016 katinta na har abada ne, ba a sakewa. Mai zuwa Hajji ko Umra kuma sai ya yi ta sanƙarau. Kada a sayi katin ba a yi allurar ba. Wanda ya yi haka kansa ya cuta.

Biza kuwa kowace da aikinta. Ta ziyara ba ta Hajji ba ce, ta yawon buɗe ido ba ta neman aiki ba ce. Duk wanda ya ce zai shigar da kai da wata ka yi aikin wata, ka guje shi. A Hajjin 2024 zafi ya yi tsanani, hukumomin Saudiyya suka ce mutum fiye da 1,300 sun rasu, mafi yawansu kuwa waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba ne, ba su da tanti ba su da mota. Hukumar alhazai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ita ke ba kamfanonin Hajji da Umra lasisi, ta kan kuma fitar da sunayensu. Da malaminmu na zaure ya duba wannan jeri, ya nemi rasit mai sunan kamfani, ya biya ta banki, da yau yana bisa babur ɗinsa. Alamar macuci guda biyu ce, araha da gaggawa.

A kuma sani ƙofa tana iya rufewa ba zato. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza a 2022, ba ta komo ba sai 2024. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, ɗalibanmu da yawa suka maƙale, da ƙyar aka kwaso su ta iyakar Masar da Fot Sudan. Don haka kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. In an isa kuma, a san inda ofishin jakadancin Nijeriya ya ke, a ajiye hoton fasfo a wani wuri dabam da fasfon, a bar wani a gida.

Sai maganar kaya, wadda ta fi duka hatsari. A ƙarshen 2018 aka kama wata ɗalibar jami'a 'yar Kano a Saudiyya saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta bayyana a sake ta a 2019. A Singafo kuwa hukuncin fataucin ƙwaya kisa ne, a 2007 sun rataye wani saurayi ɗan Nijeriya a kan ƙunshin da ya ce ba shi aka yi ya kai wa wani. Mun san al'adarmu ta saƙo, mun san nauyin a ce wa maƙwabci a'a. Amma kada ka karɓi abin da ba a buɗe a gabanka ba, ka ƙirga jakunkunanka, ka duba yawan da aka rubuta a takardar awo kafin ka bar wurin.

Maganar lokaci da amana

Nan ne maganar ta fi shafarmu mu ma'aikatan ilmi. Malamin da ya tafi ana tsakiyar zango ya bar yara sittin ko saba'in ba mai koya musu, haƙƙinsu yana wuyansa, ko da ibada ya tafi. Allah ya ba malami abin da bai ba sauran ma'aikata ba, watau dogon hutun damina, ga kuma na ƙarshen zango. A gina tafiya a kansu. Umra ba sai cikin goman ƙarshe na azumi ba, lokacin da jirgi da masauki suka fi tsada. Ana yin ta a sauran watanni da sauƙin kuɗi da sauƙin cunkoso. Akawu kuma ya nemi hutunsa na shekara a rubuce tun da wata uku, ya jira amsa a rubuce, ya miƙa fayilolinsa da makullansa ga wanda zai riƙe. Dokar aiki ba ta da wasa a kan wanda ya tafi ba izini ko ya wuce ranar komowa. Ana iya sallamarsa, fanshon shekara ashirin ya bi ruwa saboda mako biyu.

Gida ma amana ne. A auna hatsin da zai isa har bayan komowa da mako biyu, a biya kuɗin makaranta da na haya, a zauna da uwargida a gaya mata abin da aka bari da wanda za ta nema in wani abu ya taso. In da hali ma a tafi da ita. Sau da yawa awakinta da adashinta suna cikin kuɗin jirgin, ba daidai ba ne kullum ita ce mai rakiya zuwa ƙofar gida.

Ina za a nufa?

Mutanenmu sun ɗauka ƙasar waje ita ce wadda a ke zuwa a jirgin sama kaɗai. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba biza. Malami na iya bin mota ta Legas da Kwatano da Lome har Gana, ya ga teku, ya ga tsofaffin gidajen da Turawa ke tsare bayi a bakin gaɓa, ya sauka a zangon Kumasi inda zai yi ciniki da Hausa kamar yana Kurmi. Ya ƙarasa Salaga ya ga kasuwar da kakanninmu ke sayen goro, ya ji labarin Malam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya yi karantarwa a ƙasar har ya rasu a Kete-Karaci a 1934. Damagaram da Maraɗi kuwa tafiyar yini guda ce. Sai dai an rufe iyaka a 2023 aka buɗe a 2024, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar a farkon 2025, don haka a tambayi halin da hanya ke ciki da takardar da a ke nema kafin a tashi. Matambayi ba ya ɓata.

Ko ina aka nufa, a karanta labarin wurin tukuna, a tafi da littafin rubutu. A shiga makarantarsu a ga yadda su ke koyarwa, a dubi yadda su ke kwashe shara da yadda ruwa ke zuwa gidajensu, a tambayi farashin abinci. Wanda ya je Alƙahira bai ga Azhar ba, bai ga dalar Fir'auna ba, kasuwa kawai ya sani, ya yi asarar rabin kuɗinsa. Ido kuwa a gida a ke horar da shi. Malamin da bai taɓa kai ɗalibansa Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata ba, bai taɓa hawa Dala ya nuna musu ganuwa ba, da wuya ya ga wani abu a garin wasu. In an komo, a tara yara da abokan aiki a ba su labari. Wannan ita ce tsarabar da ba ta ƙarewa da rabo.

Malaminmu dai mun sa baki an ba shi adibas, mun kuma raka shi ya kai ƙara ya nemi sabon fasfo. Da zai tafi ya ce, "Ranka ya daɗe, na haƙura da tafiya har abada." Muka ce masa a'a, Malam, ba haka mu ke so ba. Ka gama biyan bashinka, ka buɗe asusu, ka sa shekara a gabanka. Sannu ba ta hana zuwa. Maƙwabtanmu maɗinka a nan unguwa su kan ɗauki wata da watanni a kan aska takwas ta riga guda, ba wanda ya taɓa zuwa ranar jajibere ya ce a fara masa ya sa gobe.

Allah ya ba mu ikon zuwa, ya kai mu lafiya, ya komo da mu mu tarar da iyali lafiya, amin.

Soron Ɗinki, Birnin Kano.